Zaɓen Girman Janareta da Esi ga Tirelar Tafi-da-Gidanka

Tirelar tafi-da-gidanka ɗaki ne mai ƙafafu da ake ɗaura wa mota a baya a ja shi, a cikinsa akwai gado da wurin girki da banɗaki. An fi amfani da ita a Amurka da Kanada wajen yawon hutu, kuma mafi yawan waɗanda ake ƙerawa a Amurka daga yankin Elkhart na jihar Indiyana suke fitowa. Idan tirelar ta sauka a sansanin da aka tanadi wuta, jona waya kawai ake yi. Idan kuwa a daji ko hamada aka yada zango, to janareta ne zai ɗauki nauyin komai, kuma na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, ita ce ta fi kowace na'ura shan wuta. Shi ya sa ake fara zaɓen esi, sannan a auna janareta da ita.

Wutar da tirela ke ɗauka

Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ba 230 irin ta Najeriya da Nijar ba. Tireloli kashi biyu ne ta fannin waya. Ƙanana da matsakaita suna da layin amfiya 30, wanda iyakarsa wat 3,600 ke nan. Manya suna da layin amfiya 50 mai reshe biyu, wanda ke iya ɗaukar har wat 12,000, kuma su ne ake sa wa esi biyu ko uku. Mai tirelar amfiya 30 da ya sayi janaretan wat 7,000 ya yi asarar kuɗi ne kawai, domin bireka ba za ta bar fiye da 3,600 su wuce ba.

Girman esi

Esin tirela a saman rufi ake ɗora ta, kuma ana auna ƙarfinta da BTU, wato yawan zafin da take fitarwa daga ɗaki cikin awa guda. Girma biyu ne suka fi yawa, 13,500 da 15,000, kuma kamfanonin da aka fi sani su ne Dometic da Coleman-Mach. Ga wanda ya saba da lissafin kasuwannin Najeriya, esin da ake kira mai doki ɗaya da rabi wajen BTU 12,000 ce, don haka ta tirela ta ɗan ɗara ta.

Wanda ya ga ƙanƙantar ɗakin zai yi mamakin irin wannan ƙarfi. Dalili shi ne bangon tirela siriri ne, rufinta a shimfiɗe yake yana shan rana yini zubur, ga tagogi ta kowane gefe. Lafiyayyar esi tana fitar da iskar da ta fi wadda ta shiga sanyi da digiri 8 zuwa 11 a ma'aunin Selshiyos, amma a tsakar rana a hamadar Arizona zafin da ke kutsowa ta bango yakan kusa cinye wannan aiki. Tirelar da tsawonta bai wuce mita tara ba esi ɗaya takan ishe ta, wadda ta fi haka kuma sau da yawa sai biyu. Inuwar bishiya da rumfar gefe da labulen taga mai mayar da haske suna yin tasirin da yakan fi na ƙarin BTU 1,500 da ke tsakanin girman nan biyu.

Esin da ta yi wa ɗaki yawa ma tana da nata aibin. Takan sanyaya iska nan da nan ta mutu, ta sake tashi, ba ta daɗe tana aiki ba balle ta zuƙe laimar iska. A wurare masu gumi irin su Fulorida sai ɗakin ya yi sanyi amma jiki yana danƙo.

Tashin kwamfiresa

Nan ne mafi yawan masu saye suke yin kuskure. Esi mai BTU 13,500 idan ta riga ta kama aiki tana shan wat 1,300 zuwa 1,600. Mutum ya duba wannan adadi, ya ga janaretan da aka rubuta wa 2,000 a kwali, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali a daidai lokacin da kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi a cikin esi, za ta tashi daga tsaye, takan fizgi wuta ninki huɗu ko biyar na abin da take sha a kullum, har amfiya 50 ko sama da haka. Abin bai kai daƙiƙa ɗaya ba, amma ya isa ya sa ƙaramin janareta ya shaƙe, wuta ta faɗi, kwamfiresa ta yi gurnani ba ta juya ba. Idan ana yawan maimaita haka, injinta yakan ƙone.

Shi kansa adadin da ke jikin kwali na ɗan lokaci ne. Honda EU2200i, wanda masu tirela suke yawan kwatance da shi, yana kaiwa wat 2,200 na ɗan taƙaitaccen lokaci, amma ƙarfin da yake iya riƙewa a kai a kai 1,800 ne. Da wannan adadi na biyu ake lissafi. Saboda haka aka daɗe ana ba da shawarar janaretan wat 3,000 ga esi mai 13,500, da kuma wajen 3,500 ga mai 15,000.

Wata ƙaramar na'ura ta sauya wannan lissafi. Ana haɗa ta a cikin esi, aikinta ta riƙa sakar wa kwamfiresa wuta sannu a hankali maimakon a zuba mata gaba ɗaya. Irin su EasyStart na kamfanin Micro-Air suna rage fizgar farko da fiye da rabi, har ta kai janaretan 2,200 yana iya tayar da esi. Sai dai na'urar tashi kawai take sauƙaƙawa, ba ta rage abin da esi ke sha bayan ta tashi. Wanda ya bi wannan hanya sai ya haƙura da kunna wani abu mai nauyi tare da ita.

Ɓoyayyun masu shan wuta

Da zarar an jona tirela da janareta, wasu na'urori sukan fara jan wuta ba tare da an taɓa su ba. Cajar batir ita ce kan gaba: idan batir ya yi ƙasa sosai tana iya shan wat ɗari bakwai ko fiye. Firijin da ke aiki da gas ko lantarki yakan koma lantarki da kansa, ya ɗauki wajen wat 300. Hitar ruwa tana shan kusan 1,400, haka ma na'urar ɗumama abinci takan kai 1,500. Gogaggun matafiya sukan mayar da firiji da hita kan gas, su bar batir ya ɗan cika, sannan su kunna esi.

Tudu da zafi da mai

Injin fetur iska yake shaƙa, kuma iska tana raguwa idan aka hau tudu. Ƙa'idar da masu ƙera injuna ke bayarwa ita ce ƙarfi yana raguwa da wajen kashi 3.5 cikin ɗari a kowace mita 300. A birnin Denba na jihar Kolorado, mai tsawon mita 1,600 daga doron teku, janaretan da ke riƙe wat 1,800 yakan koma ƙasa da 1,500, wato daidai abin da esi kaɗai ke buƙata. Zafin rana yana ƙara dagula lamarin, domin yana rage ƙarfin janareta a daidai lokacin da kwamfiresa ta fi wahala. Janaretan da ke aiki da fetur da gas kuma yakan rasa kusan kashi goma cikin ɗari idan aka mayar da shi kan gas.

Nauyi da ƙara

Janareta mai inbata, wato mai na'urar daidaita wuta a cikinsa, ya fi dacewa da tirela, saboda wutarsa ba ta rawa kuma yana rage gudu idan kaya ba su da yawa. Babba guda ɗaya na wat 3,000 yakan wuce ƙarfin ɗaukar mutum ɗaya, shi ya sa da yawa suke sayen ƙanana biyu, kowane wajen kilo 21, su haɗa su da waya ta musamman ranar zafi, su kunna ɗaya kawai idan gari ya yi sanyi. Dokar gandun dajin ƙasa na Amurka ta hana ƙarar da ta wuce desibel 60 a tazarar mita 15, kuma sansanoni da yawa suna hana kunna janareta daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid mai kisa wadda ba ta da wari, don haka hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a ajiye shi aƙalla mita shida daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon wani gefe.