Wanzamin Titin Fleet: Me Ya Rage Bayan An Mayar Da Wasan Fim?

Wane irin wasa ake nufi?

Wasan dandali ne wanda waƙa ke ɗauke da labarinsa. A finafinan Kannywood akan tsayar da labari a yi waƙa sannan a ci gaba, amma a nan waƙar ita ce zancen, ita ce faɗan, ita ce ƙulla makirci. Misali mafi kyau shi ne Sweeney Todd na Stephen Sondheim, wanda aka fara nunawa a Broadway, unguwar gidajen wasan dandali a birnin New York, a 1979. Sweeney Todd wani wanzami ne a Titin Fleet da ke Landan, alƙali ya ɗaura masa sharri aka kore shi daga ƙasar don ya ƙwace matarsa. Bayan shekara 15 ya dawo yana yanka masu zuwa aski, maƙwabciyarsa Misis Lovett kuma tana yin mitfai da namansu. Tim Burton ya mayar da shi fim a 2007.

Me aka fara cirewa?

'Yan amshi. A dandali wasan yana cin kusan awa uku har da hutu, fim ɗin kuwa minti 116 ne. A wasan, jama'a ne ke fitowa su fuskanci 'yan kallo da waƙar buɗewa, kuma suna dawowa lokaci-lokaci suna tuna maka cewa labari ake ba ka. Fim ɗin ya bar kiɗan, ya jefar da baitocin. Dalilin a fili yake: a gaban kyamara, taron mutane su tsaya suna yi wa mai kallo waƙa yana kashe tafiyar labari. Sai dai asarar babba ce. Da 'yan amshin suka tafi, sai zargin da wasan ke yi wa birnin gaba ɗaya, masu kuɗi suna cin talaka, ya ragu, ya koma labarin mutum ɗaya da fansarsa.

Jinin fa?

Nan ne bambancin ya fi fitowa. Mai kallo a dandali yana nesa. A shirin dandali na asali wanda darakta Harold Prince ya yi, da aska ta taɓa maƙogwaro sai jiniyar masana'anta ta tsage kunne, kujerar ta kife, gawar ta zurma ƙasa. Ƙarar ce ke firgita ka. A fim kyamara tana dab da wuyan: ga kumfar sabulu, ga bakin askar, ga jini yana tsartuwa, sannan a nuna gawar ta faɗa da ka a kan daɓe. Burton ya dusashe launuka, komai toka-toka, don jan jinin ya fito. Shi ya sa a Amurka aka sa shi a ajin finafinan manya. Dariyar da wasan ke jiƙa tsoron da ita kuma ta yi ƙasa, domin da wuya ka yi dariya bayan ka ga yanka ido da ido.

'Yan fim sun iya waƙar?

Johnny Depp da Helena Bonham Carter, waɗanda suka fito a matsayin wanzamin da Misis Lovett, ba mawaƙan dandali ba ne. An fara naɗar muryoyinsu a situdiyo, suka bi da baki wajen ɗauka. Muryoyin sirara ne, kusan raɗa, kuma hakan ya dace da kyamara. Don cike gurbin, mai tsara kiɗa Jonathan Tunick ya faɗaɗa makaɗa daga 27 zuwa 78. Duk da haka, wanda ya san Misis Lovett ta Angela Lansbury a wasan dandali na asali, mai surutu da barkwanci, zai ji ta fim ɗin ta yi sanyi.

Akwai wata dabarar?

Fim ɗin Chicago na 2002, wanda shi ma daga wasan dandali aka ɗauko shi, ya mayar da yawancin waƙoƙinsa cikin tunanin jarumar. Into the Woods na Disney, a 2014, sassauta duhun ya yi, har ya bar Rapunzel, ɗaya daga cikin jaruman labarin, da ranta alhali a dandali mutuwa take yi.

Fim ɗin Sweeney Todd ya karɓu a kasuwa?

An kashe kimanin dala miliyan 50, ya dawo da sama da miliyan 150, ya kuma ci kyautar Oscar ta tsara wurin ɗauka. Matsalar ta fito ne daga talla: an ɓoye yawan waƙar da ke ciki, wasu suka sayi tikiti suna jiran fim ɗin ban tsoro zalla, suka tarar ana ta rera waƙa.