Motsin ƙasa a Mpape: wa dokar muhalli take nufi da ɗaurin shekara 5?

Tun da ƙasa ta sake motsawa a unguwar Mpape da ke Abuja a watan Satumban 2024, kamar yadda ta yi a Satumban 2018, maganganu biyu ke yawo a WhatsApp. Wasu na cewa bututun gas na AKK (Ajaokuta–Kaduna–Kano) ne ke girgiza Abuja. Wasu kuma sun ce duk mai rijiyar burtsatse a gidansa zai sha ɗaurin shekara 5. Ba haka abin yake ba, kuma tsoron da ake cusa wa mutane ya fi ƙarfin abin da doka ta faɗa.

Gaskiya ne aikin mai da gas na iya jawo girgizar ƙasa. A jihar Oklahoma ta Amurka, gurɓataccen ruwan da ke fitowa tare da ɗanyen mai ne aka riƙa tura shi da ƙarfi can cikin ƙasa, har ya taɓa tsofaffin tsagogin dutse, aka samu girgiza mai maki 5.8 a 2016. A Groningen ta Holan kuwa, zuƙe gas na shekaru ya sa ƙasa ta zauna, gidaje suka tsattsage, aka rufe filin a 2024. Ko'ina ka duba, sai an cire wani abu daga ƙarƙashin ƙasa ko an cusa shi. Bututu ɗaukar gas kawai yake yi daga wuri zuwa wuri. Abuja ba ta da rijiyar mai ko ɗaya, filin mai na Kolmani kuma yana can kan iyakar Bauchi da Gombe.

Dokar da ake ta ambato ita ce ta tantance tasirin ayyuka a kan muhalli, ta 1992. Ta ce kafin a fara wasu manyan ayyuka sai an yi bincike an miƙa rahoto, an kuma ba jama'a damar tofa albarkacin bakinsu. Jerin ya haɗa da filayen mai da gas, bututun cikin teku da ya wuce kilomita 50, haƙar ma'adinai, da manyan ayyukan jawo ruwan ƙasa. Burtsatsen da magidanci ya haƙa don iyalinsa ba ya cikin wannan jerin. Dakatarwar da hukumomi suka yi wa fasa dutse da haƙar burtsatse a Mpape a 2018 umarnin gaggawa ne, ba sashen wannan doka ba.

Abin da ya shafi Mpape kai tsaye shi ne wurin fasa dutse. Dokar ta ce idan yana cikin kilomita 3 daga gidajen mutane, binciken ya zama dole. Wanda ya taɓa zama a unguwar ya san yadda kwanon rufi ke kaɗawa idan an tashi nakiya, da yadda ƙura ke kwanciya a kan shanyar kaya.

To, ina shekara 5 ta fito? Daga sashen hukunci. Mutum ɗaya da ya karya dokar, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin shekara 5. Ku lura, "ko" aka ce, kuma sai kotu ta same shi da laifi. Ba jami'i ne zai zo ƙofar gida ya yanke ba. Kamfani kuwa, tararsa ba za ta gaza naira 50,000 ba, ba za ta wuce miliyan 1 ba.

Nan ne abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. A 1992 miliyan 1 kuɗi ne. A yau kamfanin da tifofinsa ke fita da tsakuwa tun asuba zai biya ta bai ji a jikinsa ba, balle kamfanin mai. Wanda bangonsa ya tsage kuwa, wannan tarar ba aljihunsa za ta shiga ba.

Sai batun sa ido. Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya na da na'urar auna motsi a Katampe, akwai kuma cibiyar nazarin motsin ƙasa ta Toro a jihar Bauchi. Suna aunawa, suna fitar da sanarwa. Amma dokar 1992 ba ta sa wani maki da idan an kai shi dole a tsaya da aiki ba. Ingila ta sa nata a 0.5 ga masu fasa dutsen ƙarƙashin ƙasa don fito da gas, kuma bayan girgiza mai maki 2.9 a Lancashire a 2019 gwamnati ta dakatar da aikin. Tunda an ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani a 2022, irin wannan iyaka ya kamata 'yan majalisarmu su rubuta kafin rijiyoyin su yi yawa.