Katangar gida a Makka da Jidda: yaya za a kare ta daga masu rubutu?

Me ya sa wata katanga ke shan rubutu, ta maƙwabci kuma ba a taɓa ta?

Ku bi lungunan unguwar Rusaifa ko Hindawiyya a Makka ku duba. Katangar da ta fi shan fentin feshi ita ce fara, mai santsi, doguwa, wadda babu taga ko ƙofa da ke kallonta, kuma duhu ke rufe ta bayan isha'i. Nan yaro zai rubuta sunan ƙungiyar ƙwallon Ittihad, gobe wani ya zo ya soke ya rubuta na abokiyar hamayyarta Ahli, mai neman kwasar kaya ya ƙara da lambar wayarsa.

To, a wajen gini me za a yi?

Yaɓe mai kaushi yana hana rubutu fita da kyau, sai dai idan fenti ya shige shi fitarwa aiki ne. Tayil kuwa akasin haka: rubutu na hawa, amma tsumma da tinna kaɗan sun isa. Ni dai na fi son tayil a ƙasa, daidai inda hannu ke kaiwa. Akwai kuma ruwan kariya da ake shafa wa bango, wani na kakin zuma ne da ake wankewa da ruwan zafi tare da rubutun a sake shafawa, wani kuma mai daɗewa ne. Wanda ke da fili a gindin katanga ya dasa jahannamiyya, wato furen bougainvillea; tana jure rana, ƙayarta kuma ta ishi mai feshi. Dutsen murjani irin na tsofaffin gidajen Al-Balad a Jidda yana shan fenti, kada a kai masa ruwa mai ƙarfi ko tinna, a nemi gwani.

Kyamara fa?

Fitila mai kamawa da motsi ta fi ta arha, kuma ita ce ke korar yaro tun bai fara ba. Idan kyamara ta kama wani, a kai wa hukuma. Yaɗa bidiyonsa a WhatsApp don a kunyata shi na iya faɗawa cikin dokar laifukan intanet ta 2007.

Akwai hukunci?

Akwai. Ƙa'idar da'a a bainar jama'a ta 2019 ta hana rubutu ko zane a bangon wuraren jama'a da ababen hawa ba da izini ba. Ana kai ƙorafi ga baladiyya, wato hukumar birni, ta lamba 940.

Idan an riga an rubuta?

A goge da wuri, cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai rubutu so yake a gani. Da haka New York ta raba jiragenta na ƙarƙashin ƙasa da rubutu tsakanin 1984 da 1989: taragon da aka ɓata ba ya fita aiki sai an wanke shi. A bar wa haris, wato mai gadin gida, ragowar fentin katangar da buroshi, kuma ya shafe faɗin wurin gaba ɗaya, don facin da launinsa ya bambanta ma gayyata ce.