Ba kowane ƙaramin kifi ne ɗan kifi ba

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar kifi a Yawuri ya ga ƙananan kifayen nan masu ƙyalli kamar azurfa, an shanya su a rana ana aunawa da kwano. Sau da yawa za ka ji mai saye yana cewa, "Kai, an kashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba!" Wannan magana ta daɗe a bakin mutane, amma ba haka abin yake ba.

Yawancinsu manya ne, iyakar girmansu ke nan. Dangin sadin ne na ruwan daɗi, da wuya su wuce tsawon ɗan yatsa, kuma a haka suke yin ƙwai. Bayan an kammala madatsar Kainji a 1968, sai suka samu faffaɗan ruwa suka yaɗu. A tsakiyar tafki suke yawo garke-garke, da dare su taso sama suna cin ƙananan halittun da ido bai cika gani ba, su kuma giwan ruwa ta ci su.

Ainihin 'ya'yan manyan kifi kuwa, da yawansu a gefe suke. Uwar karfasa a baki take renon ƙwanta, in ta sake su sai su lafe cikin ciyawar bakin ruwa. To, a nan ɓarnar take, kuma tana damuna ƙwarai. Idan aka ja taru mai ido kamar gidan sauro a gaɓa, ba ya zaɓe: da sadin, da ɗan karfasa, da ɗan giwan ruwan da zai iya fin mutum nauyi, duk a kwano ɗaya suke ƙarewa.