Kamun Kifi a Kan Tiyub a Manyan Tafkuna Masu Iska: Tsaro da Ladubba

Tiyub ɗin kamun kifi 'yar kujera ce da ake hura wa iska, masunci ya zauna a cikinta ƙafafunsa na cikin ruwa, yana tura kansa da baya da baya da takalman iyo masu faɗi, hannayensa kuma na kan sandar fatsa. Asalinsa tiyub ɗin tayar babbar mota ne da aka ɗinka wa mazaunin tamfol, kuma tun a shekarun 1940 aka fara sayar da na kamfani a Amurka. A yau akwai mai zagaye, akwai kuma mai buɗaɗɗen gaba da ke da siffar harafin U ko V. Don ƙananan tafkuna masu kwantaccen ruwa aka ƙera shi. A babban tafki kuwa rauninsa a fili yake: gudunsa bai kai na mai tafiya a ƙasa ba, alhali rabin jikin mutum da bayan kujerar suna sama da ruwa, iska na tura su yadda ta ga dama.

Yadda iska ke aiki a babban tafki

Abubuwa uku ne ke sa igiyar ruwa girma: ƙarfin iska, daɗewar da ta yi tana kaɗawa, da tsawon filin ruwan da ta ratsa ba tare da wani abu ya tare ta ba. Na ukun shi ne ya bambanta babban tafki da ƙarami. Iskar da za ta ɗan motsa fuskar kududdufi, idan ta samu kilomita biyar ko goma na sarari, sai ta isa ɗaya gaɓar da igiyoyi gajeru masu tsini, suna bin juna kusa da kusa. Irin waɗannan ne ke watsa ruwa a cinyar masunci, suna cinye ƙarfin kowane bugun ƙafa.

A ma'aunin Bofot, wanda ake auna ƙarfin iska da shi, iska mai gudun kilomita 12 zuwa 19 a awa ita ce mataki na 3, kuma a nan ne farin kumfa ke fara bayyana jefi-jefi a kan igiyoyi. A mataki na 4, wato kilomita 20 zuwa 28, kumfar ta yawaita. Ga mai tiyub, ganin kumfar farko alama ce ta ya kama hanyar gaɓa, ba ta ƙara jefa fatsa sau ɗaya ba. Dalili shi ne turin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta: idan gudun ya ninka biyu, turin ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa mutum zai ji yana riƙe da matsayinsa lafiya lau, bayan minti goma kuma ya ga gaɓa tana nisa duk da ƙoƙarinsa.

Mafi yaudara ita ce iskar da ke tasowa daga tudu zuwa cikin tafki. A bakin gaɓa ruwa kwance yake sumul, domin bishiyoyi da tudu sun kare shi. Masunci ya shiga, iska na tura shi a hankali, tafiya ta yi masa daɗi. Sai ya yi mita ɗari biyu ko uku ya fita daga kariyar, sannan ya gane cewa komawa gida gaba da gaba da iska ne. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce a fara da wahala: a nufi inda iska ke fitowa tun ƙafafu suna da ƙarfi, a bar ta ta koro mutum zuwa wurin fita idan ya gaji. A tafkuna da yawa safiya tana da sauƙi, iska tana tashi ne bayan rana ta ɗumama ƙasa, don haka wanda ya shiga da asuba ya fito kafin tsakar rana ya kauce wa mafi yawan haɗarin. Duba hasashen yanayi ya ƙunshi gudun iska, da ƙarfin bugunta na ba-zata, da inda za ta juya cikin yini.

Kayan da ba a shiga ruwa sai da su

Tiyub ba rigar ceto ba ne. Rigar ceto a jiki take zama, a ɗaure, ba a aljihun kujera ba, domin wanda ya kife ba ya samun damar saka ta. Wandon roba mai kaiwa ƙirji yana buƙatar bel a ƙugu, a ɗaure tamau. Ruwan da ya cika wandon ba ya jan mutum ƙasa muddin yana cikin tafkin, tunda nauyinsa ɗaya da ruwan da ke kewaye, amma yana sa motsi ya yi nauyi, yana kai sanyi ga fata, kuma yana hana mutum hawa kujera ko gaɓa. Kowane takalmin iyo a ɗaure shi da 'yar igiya a idon sawu. Mai takalmi ɗaya zagaye kawai zai riƙa yi a wuri guda. Sai usur a maƙale a rigar ceto, da waya a jakar da ruwa ba ya shiga, da wuƙa ko almakashi don yanke zaren da ya naɗe ƙafa.

Tiyub mai ɗakunan iska biyu ko fiye shi ya dace da babban ruwa, domin idan ƙugiya ko ƙayar kifi ta huda ɗaya, ɗayan zai riƙe mutum har gaɓa. Mai buɗaɗɗen gaba ya fi mai zagaye ta fuska biyu: yana tsaga ruwa da sauƙi, kuma idan ya kife mutum na iya zamewa ya fita, maimakon ya maƙale kai a ƙasa.

Iskar cikin tiyub tana bin zafi da sanyi. Wanda aka hura a rana zai yi laushi da zarar ya taɓa ruwan sanyi, don haka a ɗora shi a kan ruwa na 'yan mintuna, a sake ƙara masa da famfo. Wanda aka bari cike a cikin mota ko a kan yashi mai zafi kuwa yana iya ɓarke ɗinki. Kafin kowace fita a shafa ruwan sabulu a bawul da ɗinkuna; inda kumfa ta taso, nan ne ke buƙatar faci. Shiga ruwa da baya ake yi, a hankali, har ruwa ya kai gwiwa sannan a zauna, domin tafiya gaba da takalman iyo faɗuwa take kawowa.

Sanyi

Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska mai sanyi iri ɗaya, kuma mai tiyub awanni yake yi ƙafafunsa a nutse. Ruwan da ya gaza digiri 15 a ma'aunin Salshiyas haɗari ne. Wanda ya faɗa cikinsa ba zato yakan ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, kuma idan kansa na ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwan yake shaƙa. Minti na farko na daidaita numfashi ne, daga nan yana da kamar minti goma kafin hannaye su daina kama abu. Tun kafin a kai ga haka, karkarwa, da kasa ƙulla ƙugiya a zare, da ɗaurewar tsokar ƙafa duk umarnin fita ne.

Idan iska ta riga ta fi ƙarfi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dagewa sai an koma daidai inda aka ajiye mota. Hakan gajiya yake haifarwa, sannan tsoka ta ɗaure. Abin yi shi ne a naɗe zare, a kwantar da sanda, a juya baya ga igiyoyi gwargwadon iko, a riƙa bugun ƙafa a natse ana karkata zuwa gaɓa mafi kusa da iska ke nufa. Tafiyar kilomita biyu a ƙasa ɗauke da tiyub ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ko tiyub ya sace, kada a rabu da shi: yana da sauran iska, kuma masu ceto sun fi saurin hango shi fiye da kan mutum. Jefa anka, wato nauyin da ake saukarwa ƙasan ruwa don tsayar da tiyub, a cikin manyan igiyoyi ba dabara ba ce, domin igiyarta na iya danne gefe ɗaya ruwa ya hau.

Tsawa ba ta da sassauci. Sandar fatsa ta kabon tana ɗaukar lantarki, kuma masunci shi ne abu mafi tsawo a filin ruwa. Sauti yana cin kilomita ɗaya a kusan daƙiƙa uku, to wanda ya ƙirga daƙiƙa 30 tsakanin walƙiya da cida, hadarin na kimanin kilomita 10 daga gare shi, tazarar da aradu ke iya kaiwa. Da jin cidar farko ake fita, kuma ba a komawa sai an yi minti 30 ba a sake ji ba.

Zama da sauran masu ruwa

Tiyub ƙasa-ƙasa yake, mai jirgin inji da ke gudu ba ya ganinsa tsakanin igiyoyi, musamman idan rana na gabansa. Hula mai launi mai haske, da tuta ruwan lemo a kan sanda, da fitila a lokacin asuba ko magariba suna taimakawa, amma mafi kyau shi ne nisantar hanyar jirage. Idan dole a tsallaka ta, a tsallaka kai tsaye ba tare da tsayawa kamun kifi ba. A wurin sauke jirage ma ba a hura tiyub ko ɗaura ƙugiya. A gama shiri a gefe.

Mai su a gaɓa wurinsa ke nan, mai tiyub kuwa tafki duka nasa ne, saboda haka shi ya kamata ya kauce. A bar tazarar da ta wuce jifar fatsa biyu, wato mita 50 zuwa 60, kuma ba a ratsawa tsakanin mutum da inda yake jifa. Idan wani yana barin iska na kora shi a kan layi, ba a shiga gabansa; bayansa ake bi, a jira juyi. Murya tana tafiya nesa a kan ruwa, don haka hira da ƙarfi tana damun wanda ba a ma zaci yana ji ba. Usur kuwa na neman agaji ne kawai, kuma duk wanda ya ji shi wajibi ne ya ajiye sandarsa ya duba.

Guntun zaren roba ba a jefa shi a ruwa, domin yana naɗe tsuntsaye ya daɗe bai ruɓe ba. Kifin da za a saki a riƙe shi da jiƙaƙƙen hannu, a cire ƙugiya yana cikin ragar kamu a ruwa. Bayan an fito, a wanke tiyub da wando da takalma, a bar su su bushe sarai kafin a kai su wani tafki, domin ƙwayayen ciyayi da ƙananan halittu masu mamaye ruwa a jikin kaya masu laima suke ƙaura. Dokokin lasisi, da na wuraren da aka yarda a shiga da tiyub, sun bambanta daga tafki zuwa tafki, kuma a wurin hukumar da ke kula da ruwan ake tambayarsu kafin ranar fita.