Dope: Kalmar Sara a Ingilishin Amurka

Dope kalma ce ta Ingilishin Amurka da ta yi fice cikin kalmomin sara saboda yawan ma'anoninta, har wasu suna karo da juna. Da ita ake zagi, da ita ake yabo, kuma ita ce sunan da ake kiran kayan maye a bakin titi.

Asalinta daga harshen mutanen Holan ne, inda doop ke nufin miya ko romon da ake tsoma abinci a ciki. Ba abin mamaki ba ne ta samu gindin zama a Amurka, domin birnin New York kansa mazaunin 'yan Holan ne mai suna New Amsterdam kafin Ingila ta karɓe shi a 1664. A farkon ƙarni na 19 ana kiran duk wani ruwa mai kauri da wannan suna, ko na ci ne ko na shafawa. Daga baya masu ƙera jiragen sama na farko suka laƙaba shi ga maganin da suke shafa wa ƙyallen fikafikai don ya ɗaure ya hana iska ratsawa.

A tsakiyar ƙarni na 19 aka fara ce wa wawa ko dolo dope. Amma babban sauyi ya zo ne a ƙarshensa, lokacin da shan ofiyom ya bazu a biranen Amurka. Ofiyom ɗin da ake zuƙa baƙi ne mai danƙo kamar maɗi, don haka sunan ya zauna masa daram. Daga nan ya yaɗu zuwa sauran kayan maye: wani zamani an fi nufin tabar wiwi, wani kuma hiroyin. Yawancin ma'anonin da suka biyo baya daga wannan reshe suka tsiro.

A filin sukuwa, marasa gaskiya kan ɗura wa doki ƙwaya don ya ƙara gudu ko ya rage. Ɗan cacar da ya san dokin da aka yi wa haka ya riga kowa sanin inda kuɗi za su faɗa. Ana ganin ta nan ne kalmar ta koma nufin labarin sirri, irin wanda sai na ciki ke da shi. Ta nan kuma aka samu doping, wato shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, laifin da ya sa aka ƙwace lambar zinaren Ben Johnson na Kanada a gasar Olamfik ta Seoul a 1988. An kafa hukumar WADA a 1999 don yaƙar wannan ɗabi'a.

Ma'anar wawa ba ta mutu ba. A damben da aka yi a Kinshasa a 1974, Muhammad Ali ya jingina da igiya ya bar George Foreman yana ta kai naushi har ya gaji, sannan ya kayar da shi a zagaye na 8. Dabarar ta shahara da sunan rope-a-dope, wato jan wawa zuwa igiya.

A wasu jihohin kudancin ƙasar Amurka tsofaffi kan kira lemon kwalba, musamman Coca-Cola, da wannan suna.

Juyin da ya fi ɗaukar hankali ya faru ne a shekarun 1980, a bakin matasan baƙaƙen fata masu waƙar hip-hop. Suka ɗauki kalmar da ta yi kusan shekara ɗari tana tafe da ƙazanta da ɗauri, suka mai da ita yabo: waƙa mai daɗi, takalmi mai kyau, gwanin rawa, duk dope ne. Wannan ma'ana ce ta zagaye duniya ta hanyar kiɗa da intanet, har matasan Legas da Landan ke amfani da ita.

Tsarin jimla ke raba gardama. In aka sa harafin a gabanta aka ce mutum a dope ne, an kira shi sakarai. In aka ce shi dope ne kawai, an yaba masa. Sinadarin ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin kuwa ba shi da dangantaka da ita ta fuskar asali, kamannin sauti ne kawai.