Ƙarancin Ruwa a Duniya da Alaƙarsa da Sauyin Yanayi

Ƙarancin ruwa shi ne halin da yanki ke shiga idan ruwan daɗin da ake iya samu a cikinsa ya gaza biyan buƙatun sha, noma, masana'antu da muhalli. Akwai wuraren da abin ke zuwar musu na 'yan watanni ya wuce, akwai kuma waɗanda ya zame musu jiki. Wani bincike da Mesfin Mekonnen da Arjen Hoekstra suka fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 4 ne ke fama da matsanancin ƙarancin ruwa aƙalla wata ɗaya a kowace shekara, kusan rabinsu a Indiya da Sin. Jimillar ruwan da ke doron ƙasa dai ba raguwa take yi ba. Abin da ke sauyawa shi ne inda yake sauka, lokacin da yake sauka, da yawan masu ɗibarsa. A wurare da dama ɗibar da ta wuce kima ce ta fara jawo matsalar, sauyin yanayi kuma ya zo ya cinye ɗan rarar da ta rage.

Ruwan da ake da shi

Kimanin kashi 97.5 cikin 100 na ruwan duniya na gishiri ne. A cikin ɗan ruwan daɗin da ya rage, wajen kashi 69 a daskare yake, a Antatika da Girinlan da kawunan manyan duwatsu, kusan kashi 30 kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Koguna da tafkuna, waɗanda ido ya fi gani, ba su kai ko kashi 1 ba. Noma ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka na abin da ake ɗiba, kusan kashi 70. Masana'antu na cin kusan kashi 20, sauran na gidaje ne. A cikin shekaru ɗari da suka wuce, ruwan da ɗan'adam ke amfani da shi ya ninka kusan sau shida.

Yadda ake aunawa

Ma'aunin da ya fi shahara shi ne na Malin Falkenmark, masaniyar ruwa 'yar ƙasar Suwidin, wanda ta gabatar a 1989. Ana raba ruwan da ke sabuntuwa a ƙasa kowace shekara da yawan mutanenta. Idan rabon mutum ɗaya ya gaza kubik mita 1,700 an shiga matsi, ƙasa da 1,000 ƙaranci ne, ƙasa da 500 kuwa ƙaranci ne mai tsanani. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ke nan. Raunin ma'aunin shi ne yana haɗa shekara wuri ɗaya, ya haɗa ƙasa wuri ɗaya: Birazil na cikin ƙasashen da suka fi kowa ruwa saboda Amazon, amma hakan bai hana birnin Sao Paulo shan wahala a 2014 da 2015 ba.

Masana sukan bambanta ƙarancin da ke zuwa don ruwan ne babu, da wanda ke zuwa don babu kuɗi, bututu ko hukumar da za ta kai shi ga mutane. Na biyun ya fi yawa a ƙasashe matalauta, har da masu ruwan sama mai yawa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun nuna cewa a 2022 mutum biliyan 2.2 ba su da tsaftataccen ruwan sha da za su dogara da shi a gidajensu.

Tarihi

Rikicin ruwa mafi daɗewa da aka samu a rubuce shi ne na biranen Lagash da Umma a kudancin Iraƙi ta yau, wajen shekara ta 2500 kafin Miladiyya, a kan wani fili mai albarka da magudanan da ke shayar da shi. A wannan yanki ne kuma aka fara ganin illar ban ruwa ba tare da malala ba. Ruwan kogi na ɗauke da ɗan gishiri. Idan aka sake shi gona rana ta ƙafar da shi, gishirin yakan zauna a ƙasa, shekara bayan shekara, har fuskar gona ta yi fari. Wasu masu nazarin rubutattun allunan Sumer, tsohuwar al'ummar yankin, sun ce wannan ne ya sa manoma suka bar alkama suka koma sha'ir, wanda ya fi jure gishiri, ko da yake ba kowa ne ya yarda da wannan fassarar ba. Haka nan ana danganta rushewar daular Akkad ta wannan yankin, wajen 2200 kafin Miladiyya, da faɗuwar biranen Maya na Amurka ta Tsakiya tsakanin ƙarni na 9 da na 10, da dogon fari. A duka biyun akwai wasu dalilan da ake ambata.

Mutanen Farisa sun ƙirƙiro wata dabara da ake kira ƙanat, mai yiwuwa a farkon ƙarnonin shekara dubu ta ƙarshe kafin Miladiyya. Ana haƙa uwar rijiya a gindin dutse har a cimma ruwa, sannan a tona rami a ƙarƙashin ƙasa mai ɗan gangare kaɗan, wani lokaci na kilomitoci masu yawa, da jerin ƙananan rijiyoyi a kansa don fitar da ƙasa da shigar iska. Ruwa na gangarowa da kansa, kuma rana ba ta taɓa shi. Abin lura a nan shi ne ƙanat ba ta iya ɗibar fiye da abin da ƙasa ta tara: idan ruwan ya ja baya, ita ma sai ta rage zuba. Injinan famfo na ƙarni na 20 ba su da wannan birki, kuma su ne suka busar da ƙanat da yawa a Iran. A Yaman, madatsar Ma'arib ta shayar da gonakin Saba'awa fiye da shekara dubu kafin ta fashe fashewar ƙarshe a wajen ƙarshen ƙarni na 6.

Manyan kurakurai biyu na ƙarni na 20 sun zama abin koyarwa. A 1922 jihohi bakwai na Amurka suka raba ruwan Kogin Kolorado a tsakaninsu, a 1944 aka ware wa Meziko nata kason. Sai dai ƙididdigar da aka dogara da ita ta fito ne daga shekarun da aka yi ruwa fiye da yadda aka saba, wato an raba abin da kogin ba ya da shi. A yawancin shekaru yanzu ba ya isa teku. Na biyu shi ne Tekun Aral da ke tsakiyar Asiya, wanda a 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 68,000, na huɗu a girma cikin tafkunan duniya. Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya don noman auduga, ta magudanan da galibi ba a daɓe su ba, ruwa mai yawa yana tsiyayewa a hanya. Kamun kifi ya mutu, garin Moynaq ya wayi gari jiragen ruwansa na zaune a kan yashi, iska kuma na kwasar ƙurar gishiri da ragowar maganin ƙwari daga busasshen gindin tekun tana watsa wa mazauna. Madatsar Kok-Aral da aka kammala a 2005 ta dawo da ruwa da kifi a ɓangaren arewa, na Kazakistan. Ɓangaren gabas na kudancin tekun ya ƙafe ƙaf a 2014.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taronta na farko a kan ruwa a Mar del Plata ta Ajantina a 1977, kuma ba ta sake yin irinsa ba sai a 2023. A tsakani, ranar 28 ga Yuli 2010, ta amince cewa samun ruwan sha da tsafta haƙƙi ne na ɗan'adam.

Yadda ɗumama ke taɓa ruwa

Tsakanin 2011 da 2020 zafin duniya ya ɗara na shekarun 1850 zuwa 1900 da kimanin digiri 1.1 a ma'aunin salshiyas. Duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar riƙe ƙarin tururin ruwa da kusan kashi 7 cikin 100. Wannan na da fuska biyu. Iska mai zafi ta fi tsotse laima daga ƙasa, ganye da saman tafki, don haka gona na iya bushewa ko da ruwan saman bai ragu ba. Sannan idan ta tashi sakin abin da ta tara, sai ya zo kamar da bakin ƙwarya, ya bi ta kan ƙasar da ta ƙeƙashe ya wuce a matsayin ambaliya, ɗan kaɗan ne ke nutsewa. Shi ya sa ake iya samun fari da ambaliya a wuri ɗaya cikin shekara ɗaya. A Kolorado, wani nazari na 2020 ya gano cewa kogin na rasa kusan kashi 9 na ruwansa a kan kowane digiri ɗaya na ɗumama. A watan Agusta 2021 gwamnatin Amurka ta ayyana ƙarancin ruwa a tafkin Mead, babbar ma'ajiyar ruwa da ke kan kogin, karon farko a tarihinsa.

Dusar ƙanƙara a kan duwatsu rumbu ce: tana taruwa da sanyi, ta narke a hankali lokacin da gonaki suka fi buƙata. Idan yanayi ya ɗumama sai abin da ya kamata ya sauko a matsayin dusa ya sauko ruwa, narkewa kuma ta zo da wuri, koguna su cika kafin lokacin shuka su janye a tsakiyarsa. Daskararriyar ƙanƙarar duwatsu kuwa tana da yaudara, domin a shekarun da take narkewa da sauri ruwan kogi ƙaruwa yake yi, har ya kai ƙololuwa, sannan ya fara raguwar da ba ta dawowa. Manyan koguna goma, ciki har da Indus, Ganjis, Burahmaputra, Mekon da Yanzi, suna tasowa ne daga yankin Hindu Kush da Himalaya, kuma mutum kusan biliyan 2 ke rayuwa a kwarurrukansu. Wani rahoton 2019 na ICIMOD, cibiyar da ke nazarin duwatsun yankin, ya ce ko an tsayar da ɗumama a digiri 1.5, kashi ɗaya cikin uku na ƙanƙarar yankin zai tafi kafin 2100. Ta dutsen Chacaltaya a Bolibiya ta riga ta ɓace tun 2009.

A bakin teku matsalar gishiri ce. Teku ta ɗaga da kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018. Ruwan daɗi a ƙarƙashin gaɓa yana zaune ne a kan ruwan gishiri, kuma duk mita ɗaya da ya ɗara saman teku, yana da zurfin kusan mita 40 a ƙasa. Idan famfo ya sauke shi da mita ɗaya, gishiri na iya hawowa mita 40, rijiya ta koma zartsi, gyaranta kuwa sai a hankali. Bangaladash da mashigin Mekon da na Nilu duk suna fama da wannan.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa

Taurarin ɗan'adam na GRACE, da aka harba a 2002, suna gano raguwar ruwa ta hanyar auna sauyin nauyin ƙasa. Sun nuna cewa arewa maso yammacin Indiya ya yi asarar kubik kilomita 109 tsakanin 2002 da 2008, a shekarun da damina ba ta yi wani gardama ba. Idan aka zuƙe ruwa daga ƙasa mai laka, lakar na danƙarewa, ba ta kuma sake buɗewa, gari ya dinga nitsewa. Wasu unguwannin birnin Meziko da arewacin Jakarta na sauka da santimita masu yawa a shekara.

Misalin Cape Town

Bayan shekaru uku na ƙarancin ruwan sama daga 2015, hukumomin birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka sanar cewa idan madatsu suka sauka zuwa kashi 13.5 za a rufe famfunan gidaje, kowa ya bi layi a ɗaya daga cikin wurare kusan 200 ya karɓi lita 25. Daga 1 ga Fabrairu 2018 aka ƙayyade lita 50 ga mutum a rana. Mutane suka koma tara ruwan wanka a bokiti don zubawa a banɗaki, aka rage ƙarfin ruwa a bututu, aka ƙara kuɗi ga masu ɓarna, aka rage wa manoma kasonsu. Abin da birnin ke sha ya faɗi da fiye da rabi, ranar rufewar ba ta zo ba. Masu nazari sun ƙiyasta cewa sauyin yanayi ya ninka yiwuwar irin wannan fari kusan sau uku.

Hanyoyin magancewa

Mafi arha shi ne toshe yoyo. A birane da yawa kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan da aka tace ba ya isa ga mai biya, alhali a Tokiyo yoyon bai kai kashi 4 ba. Ban ruwa na ɗiga-ɗiga yana kai kusan kashi 90 na ruwa gindin shuka, inda sakin ruwa a kwami kan tsaya wajen rabi, amma ƙofofinsa na toshewa idan ba a sa matata ba, kuma sau da yawa manomi kan faɗaɗa gona da rarar da ya samu, kogin bai ga komai ba. Dole sai an haɗa shi da ƙayyade ɗiba. Windhoek ta Namibiya tana tace ruwan da aka yi amfani da shi ta mayar famfo tun 1968, Singafo ma ta bi sahu. Tace ruwan teku ta matsa shi cikin siririyar fata yana cin kilowat 3 zuwa 4 na awa ɗaya a kan kubik mita guda, kuma kusan rabin ruwan da aka ja yana komawa teku da gishiri ninki biyu. Saudiyya da Isra'ila sun dogara da shi sosai, sai dai ya yi wa noman hatsi tsada. A matakin gida, milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce: rufin murabba'in mita 100 a wurin da ake samun milimita 600 zai ba da kusan lita 48,000 bayan an cire asara, muddin an zubar da ruwan farko mai ƙura an kuma rufe tankin.

Saɓani

Ana gardama a kan rawar da farin 2006 zuwa 2010 ya taka a yaƙin Siriya, da kuma ko Tafkin Chadi, wanda ya ragu ƙwarai a shekarun 1970 da 1980, yana ci gaba da ƙanƙancewa ne ko ya fara farfaɗowa. Masar, Sudan da Habasha ba su cimma matsaya ba kan madatsar da Habasha ta fara ginawa a kan Nilu a 2011, Indiya kuma ta jingine yarjejeniyar Indus ta 1960 da Pakistan a watan Afrilu 2025.